Amsa ga ƙanwata mai shirin tafiya Kanada: taimakon gwamnati ga sababbin zuwa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na natsu don maganar tana da tsawo. Kin ce maigidanki ya samu izinin zama na dindindin a Kanada, da ke da yaranku uku, za ku sauka lardin Alberta, kuma wani ejan a nan Katsina ya ce ku kawo kuɗi ya sa sunanku cikin masu karɓar tallafi, wai gwamnati na ba da gida da albashi. Allah Ya sanya alheri, Ya kai ku lafiya.

Kada ku ba shi ko sisi. Taimakon akwai shi, ni kaina na ci moriyarsa a Kalgari, birni a lardin na Alberta, lokacin muna sababbin zuwa, amma kyauta ne, kuma babu wani a Katsina ko Kano ko Abuja da yake da ikon sa sunan kowa a ciki. Ma'aikatar shige da fice ta Kanada, IRCC, ita ke ba ƙungiyoyi kuɗi a garuruwa daban-daban su yi wa baƙi hidima, ban da lardin Kwibek da ke tafiyar da nasa tsarin tun yarjejeniyar 1991. Takardar izinin zamanku ita ce kawai abin da za a tambaye ku.

Zancen gida da kuɗin wata-wata kuwa, na 'yan gudun hijira ne waɗanda gwamnati ta ɗauko da kanta, su ma galibi shekara guda ake ɗaukar nauyinsu. Ku ba ku cikinsu. Haya daga aljihunku za ta fito, mai gida zai nemi kuɗin wata ɗaya da kuɗin ajiya, wanda a dokar Alberta bai wuce hayar wata guda ba. Don haka guzurin da kuka nuna a banki, ku riƙe shi gam, kada ya tafi a walimar bankwana da tsaraba. Ga sauran 'yan uwa masu karantawa: wannan hidimar ta tarayya an yi ta ne don masu zama na dindindin da 'yan gudun hijira. Ɗalibi da mai bizar aiki yawanci sai dai su nemi abin da lardi ko birni ya tanada.

Tun kina Katsina za ki fara. Wanda aka amince masa da zama yana iya yin rajista ta intanet a shafin IRCC, a haɗa shi da mai ba shi shawara kafin ya hau jirgi. Ki tattara katin rigakafin yara, takardun haihuwa na hukumar ƙidaya, takardar aure da sakamakon makarantar kowane yaro. In a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko kwalejin Hassan Usman kika yi karatu, ki je da ƙafarki ki nemi a aika sakamakonki ga masu tantance takardu irin su WES, don daga makaranta kai tsaye suke karɓa. Zuwa da kai ya fi saƙo. In kin riga kin tafi, muna gaban Kalgari da awa bakwai ko takwas, kafin ki farka an kusa tashi daga ofis a nan.

Makon farko ba wani abu mai wuya: lambar SIN mai lamba tara daga ofishin Service Canada, wadda ba a aiki sai da ita, katin lafiya na lardi, asusun banki, sai makarantar yara. Duk waɗannan ƙungiyar da kuka je za ta nuna muku hanya.

Inda nake so ki ba ni kunnenki shi ne nan. Ke da kanki ki je, kada ki ce maigida ya je ya dawo ya ba ki labari. Ranar da muka zauna gaban ma'aikaciyar da aka ba mu, ta gama da maigidana, sai ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, ta buɗe sabon shafi, ta tambaye ni abin da ni nake so in yi a ƙasar. Daga nan aka tura ni gwajin Turanci, aka sa ni ajin LINC, shirin koyar da Turanci da gwamnati ke biya tun 1992. Ana auna ji da magana da karatu da rubutu, mataki 1 zuwa 12. Kada ki ce ai kin ci Turanci a WAEC. Rubutunmu da karatunmu lafiya lau, amma kunne sai ya saba da saurin bakinsu, musamman a waya da asibiti. Kuma ranar da za ku nemi zama 'yan ƙasa, bayan kun zauna a ƙasar kwana 1,095 cikin shekara biyar, duk mai shekara 18 zuwa 54 sai ya nuna ya kai mataki na 4 a ji da magana. Da zarar kin zama 'yar ƙasa, ajin kyautar ya wuce ki.

A makarantar da na yi, ɗakin renon yara na jikin ajinmu. In ajiye ƙaramar 'yata, in cire mata takalman ƙanƙara, in shiga in zauna tsakanin wata 'yar Siriya da wata 'yar Eritiriya. An koya mana kiran 911, lambar neman agajin gaggawa, karanta takardar haya, yi wa malamar yaro bayani. Lokacin azahar mu shimfiɗa dadduma a lungu, ba mai ɗaga ido. Wani lokaci akwai layin jira, musamman ga mai son gurbin reno, shi ya sa nake cewa ki sa suna da wuri.

Abin da ya sa na dage, a nan gida kina da maƙwabta, yau suna gobe biki, ga yaron da za ki aika. Can a watan Disamba kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, sanyi kan kai 30 ƙasa da sifiri, kowa ya rufe ƙofarsa, maigida wataƙila yana aikin dare. Na ga matanmu da suka shekara da shekaru ba su san motar da ke kai su asibiti ba, damuwa ta cinye su a ɗaki, ga kunyar faɗa wa na gida. Wallahi abin yana ci mini rai, don hanyar fita tana nan kyauta. In maigida na da shakka, ki nuna masa wannan. Akwai ƙungiyar CIWA a Kalgari, ta mata baƙi ce. Akwai CCIS, sunan Katolika ne a jikinta amma kowa take yi wa hidima, kuma ni dai ba wanda ya taɓa yi mini zancen addini a can.

Kuɗin da za ku samu na gaske shi ne na yara 'yan ƙasa da shekara 18, wanda hukumar haraji ke biya kowane wata gwargwadon samun gida, kuma yawanci da sunan uwa ake biya. Sharaɗinsa, ke da maigida ku cike takardar haraji duk shekara kafin ƙarshen Afrilu, ko da ba ki samu ko dala ɗaya ba. Akwai masu cike wa marasa ƙarfi kyauta. Birnin Kalgari kuma yana da shirin Fair Entry mai rage kuɗin mota ga masu ƙaramin samu. In kin rasa inda za ki dosa, ki kira 211, layin da ke nuna wa mutum inda zai samu taimako.

Aiki kam ba sa ba kowa. Za su gyara miki takardar neman aiki, a cire hoto da shekaru da jiha da addini, su koya miki amsa tambayoyi, su haɗa ki da masu ɗaukar ma'aikata. Nas da likita da malamin makaranta sai sun samu lasisin lardi, kuma yana ɗaukar lokaci. Ma'aikatan ma mutane sun yi musu yawa, in kika ji shiru ki sake kira, kada ki yi zuciya.

Ki kuma tambayi makarantar yara ko tana da ma'aikacin baƙi, kuma in an kira zaman tarbiyya ku je ku biyu. Dukan yaro ko barin ƙanana su kaɗai a gida na iya jawo hukumar kula da yara ƙofarku, gara ku ji dokar tun ba ta zo muku ba.

Ina gari yanzu, wajen Ƙofar Ƙaura, sai bayan bikin 'yar yayata zan koma. Ki yi mini magana ta gefe, ki zo da takardunku mu duba tare, in nuna miki inda ake rajistar. Kada ki sayi rigar sanyi a kasuwa a nan, ba za ta yi ba. Ki tambayi ƙungiyar in kun sauka, sukan san inda ake raba wa yara.