Takunkumin da ya dace da mai aiki cikin ƙura

Malam, ka ce kana yankan tayil da fasa dutse a nan Damagaram, wane takunkumi ne zai tsare ka?

Shuɗin nan na asibiti ba zai yi ba, ƙura ta gefen kumatu take shiga. Don hazon hunturu, nemi mai tambarin FFP2 ko N95 (alamar ƙarfin tace ƙura), ka matse ƙarfen hancin sosai. Amma aikinka na kullum ne, kuma ƙurar dutse tana tara tabo a huhu wanda ba ya warkewa. Gara na roba mai matatar ƙura da ake canzawa, mai tambarin P3. Ka riƙa yayyafa ruwa wurin yanka.

Gemu yana hana shi kama fuska, rawani kuwa ba ya tace ƙura mai laushi. In tari ya wuce sati 2, je asibiti a duba ƙirjinka.