Legas ta fita daga raina, ina so in koma gida: ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni mutumin Funtuwa ne, shekarata 11 a Legas. Ina sayar da tattasai da attaruhu a kasuwar Mile 12, ina zaune a Agege da mai ɗakina da yara uku a ciki da falo. Alhamdulillahi ban rasa na cefane ba. Garin ne kawai ya fita daga raina: hayaniya, gosulo, ƙarin kuɗin haya duk shekara, ga ruwa da ke shigo mana ɗaki da damina. Na biya hayar shekara, saura wata biyar ta ƙare. Abokaina na cewa wauta ce mutum ya bar inda yake samu don kawai ba ya son wurin. Haka ne? In kuma na yanke shawarar tafiya, yaya zan yi da mai gida da kuɗin da na biya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da maganar abokanka. Ba wauta ba ce. Mutum ba akuya ba ne, balle a ce duk inda aka zuba masa dusa nan ne gidansa. Wanda ya yi shekara 11 yana fita kafin kiran assalatu, yana dawowa yara sun yi barci, in ya ce ya gaji ya san abin da yake faɗa. Sai dai ƙin gari dalili ne na tafiya, ba shi ne shirin tafiyar ba, kuma a wajen shirin ne na fi ganin mutanenmu suna yin asara.

Kafin komai, ka zauna ka tambayi kanka: Legas ɗin ce ka tsana, ko ɗakin da hanyar? Abubuwa huɗu ka lissafa mini, uku daga cikinsu na unguwa ne da gida. Daga Agege zuwa Mile 12 sai ka sauya danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wata hayar ta biyu. Ka ɗauka an ba ka ɗaki a kan tudu a wajen Ketu, inda za ka taka da ƙafa zuwa kasuwa, ruwa kuma ba ya shiga. Za ka zauna? In zuciyarka ta ce e, to tashi daga gida kake bukata, ba barin gari ba. In kuwa ta ce ko a Ikoyi aka ba ka gida kyauta ba ka so, kai dai ka ga yaranka suna wasa a ƙofar gidan kakansu, to magana ta ƙare. Mu shiga batun mai gida.

Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ce ke aiki a kanka. Ta ware Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island, amma Agege na cikinta. Abin da za ka fara dubawa shi ne takardar da kuka sa wa hannu. In an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce, daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar da ta cika ta ƙare da kanta. In an rubuta wa'adin sanarwa, shi za a bi. In kuwa babu abin da aka rubuta, biya kawai kake yi shekara-shekara kamar yadda 'yan haya da yawa ke yi, doka ta sa wata shida ga mai hayar shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata. Mutane sun ɗauka mai gida kaɗai wannan wa'adi ya hau, alhali ya shafi ɓangarorin biyu. Kai wata biyar ya rage maka, don haka ka rubuta masa a makon nan, ka riƙe kwafi, ya sa hannu cewa ya karɓa. Kada ka tsaya ga faɗa wa mai kula da gida da baki a bakin famfo. Ban cika ganin mai gida a Legas ya ƙi sakin ɗan hayar da ke son fita ba, don sabon da zai shigo zai biya fiye da naka, ga kuɗin yarjejeniya da la'adar eja, wato dillalin gida.

Kuɗin watannin da suka rage kuwa, in ka fita kafin lokaci don ra'ayin kanka, kada ka sa rai doka za ta tilasta masa ya mayar maka, sai in takardarku ta faɗi haka. Abin da ake yi shi ne sulhu: ka kawo masa wanda zai maye gurbinka, shi sabon ya biya ka ragowar. Amma da yardar mai gida a rubuce. Kuskuren da ya fi yawa a cikinmu shi ne mutum ya miƙa wa ƙanensa ko ɗan garinsu makulli ya hau mota. Doka ta hana ɗan haya saka wani ba da izinin mai gida ba, kuma duk ɓarnar da aka yi a bayanka sunanka ne a rasit. Kuɗin ajiya da aka karɓa ranar shigarka saboda ɓarna naka ne in ba ka lalata komai ba. Ranar fita ka ɗauki hoton bango da ƙofa da mita da wayarka, ka biya kasonka na wuta da shara a gaban shaida. In ya yi maka taurin kai, kafin ka yi tunanin kotu ka je Cibiyar Sasanci ta 'Yan Ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jihar, wadda ke sasanta rikicin mai gida da ɗan haya kyauta. Kada kuma ka wuce ranar cikar haya kana ciki, don kowace rana bashi ce.

Wannan duk mai sauƙi ne. Kasuwa ce babbar magana, kuma ita ce ba ka tambaye ni ba.

Me ka tara a shekara 11? Za ka ce jari da 'yan kayan ɗaki. Ni kuwa na ce babbar dukiyarka ita ce lambobin da ke cikin wayarka. Ka san matar da ke zuwa da sassafe daga Mushin ta ɗauki buhu uku ta biya nan take, ka san wadda sai an bi ta. Ka san dillalin da ke faɗin gaskiyar farashi da wanda ke cin bayan fage. Ka san wane wata kaya ke yin kwantai, ka san yadda attaruhu ke zama bayan kwana biyu a bayan mota in an loda shi da raɓa. Manomin Danja, nan kusa da ku, yana da tumatur da tattasai, amma wannan sanin ba shi da shi. Mile 12 da kayan Arewa take rayuwa, kuma kowane kwando da ka gani an sauke akwai wanda ya tsaya a kansa a can gida. Ka koma ka zama wannan mutumin. Ka bar wani amintacce a rumfarka, ku rubuta yadda za ku raba riba, ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaidu biyu daga shugabannin sashenku. Kada ka sayar da wurin zamanka a kasuwa a shekarar farko, ko nawa aka taya. Mutanen da suka sayar da komai suka tafi cikin fushi, da yawansu bayan damina ɗaya sai ka gan su sun dawo suna yi wa yaransu na da aiki.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Funtuwar da kake gani da Sallah, ka zo da tsaraba ana ta maraba da Alhajin Ikko, daban take da wadda za ka zauna a cikinta wata shida kana neman na cefane. Kuɗi ba ya juyawa a can kamar yadda ya saba juyawa a hannunka, 'yan'uwa kuma za su ɗauka ka zo da buhunsa. Ga matsalar tsaro da ta addabi wasu ƙauyukan kudancin Katsina, wadda ta sa ba kowace gona ake zuwa da kwanciyar hankali ba. Saboda haka cikin wata biyar ɗin nan ka je ka yi mako uku ko huɗu, ba lokacin biki ba. Ka shiga kasuwa, ka tambayi kuɗin haya in ba gidan gado za ka sauka ba, ka gwada aiko da lodi ɗaya ka ga abin da zai rage bayan kuɗin mota da na kan hanya. Gani ya kori ji.

Ban ji ka ambaci ra'ayin mai ɗakinka ba. Ita ma shekarun nan ta yi su, wataƙila tana da 'yar sana'arta da adashinta da maƙwabtan da ta saba da su. Ka tambaye ta tun yanzu, ba ranar ɗaure kaya ba. Yaran kuma, in a nan aka haife su, Agege ce garinsu, kuma ba mamaki Yarbancinsu ya fi Hausarsu kaifi. Sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take farawa, ka yi ƙoƙari tafiyar ta dace da ita, ka karɓo musu sakamakonsu da takardar sauya makaranta. Adashin da kake ciki ka kai shi ƙarshe, musamman in ka riga ka kwasa. Bashin da kake bi ka fara tattara shi kafin labarin tafiyarka ya bazu, don wanda ya ji za ka bar gari nan take yake mance lambarka.

Kayan ɗaki kuwa, manyan motocin da ke sauke kaya a kasuwarku suna komawa Arewa, kuma ka fi ni sanin direbobin. Ka yi ciniki da wanda ka yarda da shi, ka rubuta abin da ka loda ɗaya bayan ɗaya. Katifar da ruwan damina ya sha jiƙawa da tsohuwar kujera ka sayar ko ka bayar a nan, kuɗin ɗaukarsu ya fi su daraja. Iyali kuma su bi motar fasinja, kada a ɗora su a saman kaya. In ka samo takardar hayar, ka turo mini hotonta in duba maka sashen da ya yi maganar sanarwa da kuɗin ajiya.