Shin koyi da takwara na gyara hukumar ruwa?

Malam, ka tambaya ko hukumar ruwa za ta gyaru ta hanyar koyi da takwararta. Tana gyaruwa, kuma ni na fi yarda da haka a kan ɗauko ƙwararren haya, amma sai an fara da awo. Ma'aunin da ya fi tona asiri shi ne ruwan da aka tace aka tura bai dawo da ko kwabo ba: yoyon bututu, haɗin sata, mita da ta mutu. A Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, asarar ta kai kashi 72 cikin ɗari a 1993. Ƙarƙashin Ek Sonn Chan, shugaban hukumar ruwan birnin a lokacin, aka sa mita gida-gida, aka canja tsofaffin bututu, asarar ta sauko ƙasa da kashi 10. Daga baya ma'aikatan hukumar ne suka riƙa horar da na hukumomin larduna.