Kada Ka Saki Shafinka

Ɗana, ka tambaye ni yadda mai zane Stan Sakai ya riƙe labarin zanensa na Usagi Yojimbo tun daga 1984, kuma har yau masu karatu ba su ƙosa da zomon nan mai takobi ba. Ba zan tsaya koya maka fiƙe fensir ko raba shafi gida-gida ba, domin wanda bai iya wannan ba bai isa zama a shagona ba.

Mutumin nan shi ke ƙirƙirar labarin, shi ke zanawa, shi ke bi da tawada, kuma shi ke rubuta maganar mutanensa da hannunsa. Ya san Japan ta farkon ƙarni na 17 ciki da bai, har yakan gina labari guda a kan maƙeran takubba ko masu noman ciyawar teku. Idan an sare mutum ba ya cika shafi da jini, sai ya zana ɗan ƙoƙon kai a gurbin magana (da'irar da ake rubuta furucin mutum a ciki), ka gane rai ya yi halinsa. Ya tashi daga kamfanin ɗab'i na Fantagraphics zuwa Mirage, zuwa Dark Horse, zuwa IDW, ko'ina da zomonsa ya tafi, domin mallakarsa ne.

Nan ka fama mini tsohon miki. Na taɓa shafe wata bakwai ina zana labarin wani barde, shafi 48, har na riƙa wuni a rumfar dukawa ina kallon yadda ake haɗa sirdi. Wani mai ɗab'i ya ce in bar gurbin magana yaronsa zai cike da kwamfuta, ya karɓi ainihin takardun bisa amana, ba mu rubuta komai ba. Da littafin ya fito, shafin da barden ya durƙusa gaban gawar dokinsa, wanda na bari shiru da gangan, an lafta masa surutu layi shida a kan fuskar da na kwana uku ina gyarawa, sunana kuma babu a bango. Na yi zarya har takalmina ya suɗe, daga ƙarshe ya ce ruwa ya ci takardun, ya miƙo mini kuɗin mota. Har yau ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kuna zana takobi kafin ku iya zana hannun da ya riƙe shi, ku ɗora a waya tun tawada ba ta bushe ba. Gobe ka kawo mini shafi ɗaya na mutum biyu suna tafiya cikin ruwan sama, ban da faɗa, kuma ka rubuta maganarsu da hannunka kafin ka bi zanen da tawada.