Kada ka cinye barandar shagon nan

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Saƙonka ya iso. Ka ce magini ya ba ka shawarar ka haɗe baranda da cikin shago don kaya su samu wuri, kana tambaya ko dakalin da ake bari a ƙofar shago al'ada ce ko ɓarnar fili. Al'ada ce, kuma tana da dalili.

Kantunan Gusau jirgin ƙasa ya kawo su. Layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya kai Kaura Namoda a 1929. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka zo sayen gyaɗa da auduga, Kwarori suka biyo bayansu. Ginin da suka yi, ko da muka taso yana nan daram. Ana ɗaga daɓe sama da ƙasa har sai an taka matakala, saboda ruwan damina da kuma lodin buhuna. Bango mai kauri, rufin kwano can sama, tagogi da sandunan ƙarfe, ƙyauren katako mai ganye biyu wanda sai ƙato ya dage kafin ya tura. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sanyi za ka ji, alhali ba fanka.

Ciki kuwa, doguwar kanta ce ta raba mai saye da kaya. Ba ka ɗaukar komai da hannunka. Ka faɗi abin da kake so, yaron kanti ya hau tsani ya sauko da bandir na akoko ko turmin atamfa, a auna maka yadi a gabanka a kan kantar. Akawu yana gefe da littafinsa, sikeli a bakin ƙofa, sito a baya. Ƙamshin sabon yadi da sabulu da kananzir ya gauraye ko'ina. Har aka sauya kuɗi a 1973, aka bar fam da sule aka koma naira, tsarin bai canja ba.

Amma rayuwar kanti a baranda take. Baƙauye ya taso tun asuba da jakinsa daga wajen Bunguɗu ko Tsafe, ya sayar da gyaɗarsa. A ina zai zauna ya sake ƙirga kuɗinsa, ya yi shawara da ɗan'uwansa kafin ya shiga sayen kayan ɗaki na ɗiyarsa? A inuwar nan. Nan tela yake kafa kekensa, ka sayi yadi ciki ka miƙa masa waje. Nan ake ajiye randa da moɗa, kowa ya sha ba da tambaya ba. In la'asar ta yi a shimfiɗa tabarma.

Attajiranmu Hausawa ma da suka buɗe nasu shagunan a jikin katangar gida, kusa da zaure, sun juya ƙofar tana kallon titi don baƙo ya yi cinikinsa ba tare da ya leƙa cikin gida ba, suka kuma bar dakali. Baranda a wurin shago kamar zaure ce a wurin gida: nan ake gaisawa kafin a faɗi abin da ya kawo mutum. Dattijo ba ya son a tsayar da shi a rana yana roƙon ragi ko bashi kowa na kallonsa.

Shagunan yanzu ina ganinsu, an kai bango har bakin kwalbati, silin ƙasa-ƙasa, ƙofar ƙarfe tana ƙuna da rana. Mai saye ya miƙa kuɗi daga kan babur ya wuce, ba wanda ya san sunan wani. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ka gaya wa maginin ya bar maka ko taku huɗu ne a gaba, ya ɗaga rufi, ya yi dakali ta gefen da inuwa take faɗawa da yamma. Kayan da ba su samu wuri ba, ka ƙara kanta a bango ta ɗauke su. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka.