Tambaya da amsa: Faifaina terabait 12 ne, amma Cacti na nuna wani abu dabam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da sabobi uku na Linux a wani ƙaramin ofis a Kano, kuma da Cacti, manhajar da ke nuna halin saba a zane, nake bibiyar su. Mun ƙara wa tsohuwar sabarmu ma'ajiya mai terabait 12, sai zanen ya koma nuna girmanta ƙasa da sifili. A saba ta biyu kuwa, idan na buga df, umarnin duba cikar faifai, sai ta ce faifai ya cika kashi 95, Cacti ya ce kashi 90. Wanne zan yarda da shi? Maigidana ya fara cewa manhajar ba ta da amfani.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ba maigida haƙuri, Cacti ba shi da laifi. Shi bai taɓa ganin faifanka ba. Tambayar sabar yake yi ta hanyar SNMP, ƙa'idar da ake tambayar na'urori halin da suke ciki da ita, abin da aka faɗa masa shi yake zanawa. Don haka ka fara jin amsar da kunnenka: buga snmpwalk, umarnin da ke karanto amsar SNMP, a kan 1.3.6.1.2.1.25.2.3, wato teburin ma'ajiya, ka ajiye sakamakon kusa da na df.

Ga kowane faifai za ka ga lambobi uku masu muhimmanci: girman tubali ɗaya, yawan tubalan gaba ɗaya, da yawan waɗanda aka yi amfani da su. Sabar ba ta cewa "ina da terabait kaza". Cewa take "ina da tubala kaza, kowanne bait 4096", sai manhajar ta ninka. Ƙa'idar da ta tsara wannan tebur, RFC 2790 ta shekarar 2000, ta ware wa yawan tubalan gurbi mai bit 32, kuma iyakar abin da gurbin zai ɗauka shi ne 2,147,483,647. Ninka wannan da 4096, za ka tsaya wajen terabait 8.8. Naka mai 12 yana da tubala kusan biliyan 2.9. Kamar zuba tiya uku ne a kwanon tiya biyu, sai dai ita kwamfuta ba zubewa take yi ba, lambar ce ke juyewa ta koma ƙasa da sifili. Abin da kake gani ke nan.

Maganin yana kan sabar. Net-SNMP, manhajar da ke amsa tambayoyin SNMP a kan sabar, daga siga ta 5.7 zuwa sama, idan ya ga faifai ya wuce iyaka, yakan ƙara girman tubalin da yake bayar da rahoto, yawan tubalan ya ragu, lissafin ya fito daidai. Ka sabunta shi. Idan ka tarar sabo ne, buɗe fayil ɗin saitinsa, snmpd.conf, ka nemi realStorageUnits. In an kunna shi, kashe shi, domin shi ke hana wannan dabara. Bayan gyara kada ka tsorata idan ka ga wajen 10.9 maimakon 12. Masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, Linux kuma da 1024.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna, ko da yake ita ce ta fi kama da ƙarama. Zanen da ya faɗa ƙasa da sifili kowa ya gan shi ya san akwai matsala. Amma 90 da 95 mutum sai ya ɗauka ɗan saɓani ne ya wuce. Idan tsarin fayilolin faifan ext4 ne, tun ranar da aka tsara shi an keɓe kashi 5 cikin ɗari ga root, babban asusun da ke iko da sabar, shi kaɗai. Shi df yana cire wannan keɓaɓɓen wuri kafin ya fitar da kaso, SNMP kuwa yana lissafa shi cikin wurin da ya rage. Gwada da kanka: 90 cikin 95 ya kusa kashi 95. Duka biyun gaskiya suka faɗa, amma df ne ke gaya maka lokacin da manhajojinka za su kasa rubutu.

Wannan ya taɓa cin ni a wani wuri da na yi aiki. Na saita gargaɗi a kashi 96, ina ganin na bar isasshen sarari. Wata Juma'a da yamma rumbun bayanai ya tsaya cak, ma'aikata suka kasa shigar da komai, zanen kuma yana zaune a 95, bai aiko ko saƙo ɗaya ba. Gargaɗin da na kafa ba zai taɓa tashi ba, domin faifan ya riga ya cika kafin a kai gare shi. Har yau idan na tuna daren nan sai raina ya sosu. Ka sauke naka zuwa 85. Idan faifan na ajiyar fayiloli ne kawai, ba wanda tsarin ke zaune a kai ba, kana iya rage keɓaɓɓen wurin zuwa kashi 1 da tune2fs -m 1.

Akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba, amma da yadda ake ɗauke mana wuta zai same ka. Cacti yana riƙe kowane faifai ne da lambarsa a cikin teburin, kuma idan saba ta mutu ta tashi, ko aka ƙara faifai, lambobin na iya sauyawa. Sai ka wayi gari zanen da ke ɗauke da sunan /home yana nuna na /boot. Tunda ka ƙara sabuwar ma'ajiya, shiga shafin waccan sabar a Cacti ka sa ya sake karanta teburin, ka kuma saita shi ya riƙa yin haka duk lokacin da ta sake tashi. Daga nan ka bi zanukan ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar girman da kowanne ke nunawa ya yi daidai da na df.