Na kai agogona canjin batir, ya dawo da raɓa a gilashi: wa zai biya?

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Ina da agogon Omega mai batir da na saya a Dubai shekara 3 da suka wuce. Da ya tsaya sai na kai wa wani mai gyaran agogo a kasuwa a nan Kaduna, ya ce in je in dawo bayan la'asar. Na biya naira 3,000. Da na karɓa na ga an kakkarce murfin bayan. Washegari na yi alwala da shi kamar yadda na saba, sai ga raɓa ta taru a cikin gilashin, yanzu yana tafiya yana tsayawa. Na koma, ya ce shi batir kawai ya sa, in ma ta kai ga biya, kuɗina zai mayar mini. Har ya nuna mini wata takarda manne a akwatinsa cewa ba ruwansa da abin da ya sami kaya. Ina da haƙƙi a kansa? Kuma ina zan sami wanda zai yi mini aikin yadda ya kamata?
Mai karatu daga Unguwar Rimi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri.

Kafin mu shiga shari'a, a ceci agogon tukuna. Danshin nan da kake gani yana cin injin da tsatsa kullum, kuma doka ba ta yarda mutum ya naɗe hannu ɓarna tana ƙaruwa sannan ya ɗora wa wani duka ba. Ka ɗauki hoton raɓar da karcen yau ɗin nan. Ka aika wa mai gyaran saƙo a rubuce cewa rana kaza za ka kai agogon wurin gwani a buɗe, in yana so ya zo ya gani da idonsa. Kada ka sake bar masa shi "ya duba", kada kuma wani ya buɗe shi ba tare da an ɗauki bidiyo ba.

Kana da haƙƙi. Duk wanda ya karɓi kayan wani don ya yi aiki a kai a biya shi lada, wajibi ne ya kula da su irin kulawar da ake tsammani daga mai wannan sana'a, ya kuma mayar da su lafiya. Alhakinsa ba ya bin girman ladan da ya karɓa, ɓarnar da ya yi yake bi. Telan da ya lalata maka shadda mai tsada ba ya fita da mayar da kuɗin ɗinki. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ta 2018 ta faɗi wannan a sashe na 130: wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a yi masa shi da inganci, a kuma mayar masa da kayansa aƙalla a yanayin da ya ba da su. Takardar da ke manne a akwatinsa kuwa ba ta da ƙarfin da yake zato. Irin wannan sharaɗi sai an ja hankalin mutum a kansa kafin a ƙulla ciniki, ba bayan ɓarna ta auku ba, kuma ko an nuna maka tun farko, dokar ba ta bar mai sana'a ya wanke kansa daga mummunan sakaci da rubutu a jikin akwati ba.

Fiƙihun Malikiyya ma a nan ya tsaya, har ya fi tsanani. Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san hukuncin: masu sana'a suna lamunin abin da aka bar musu suka kaɗaita da shi, da lada suka yi aikin ko kyauta. Kalmar "je ka dawo bayan la'asar" ita ce ta shigar da shi cikin wannan hukunci.

Sai dai ɓarnarka iri biyu ce, kuma ƙarfinsu a gaban alƙali ba ɗaya ba ne. Karcen murfi a hannunsa ya faru, don haka shi ne zai yi bayanin yadda aka yi ba da sakacinsa ba, muddin ka iya nuna cewa murfin lafiya yake lokacin da ka miƙa. Raɓar kuwa a hannunka ta shiga, bayan ka karɓa. Nan abin da zai ƙarfafa maganarka shi ne ka nuna cewa rufewar da ya yi ce ta jawo. Zai iya cewa zoben robar da ke hana ruwa shiga ya riga ya bushe da kansa, ko kai ne ka bar maɓallin saiti a zare. Ba maganar banza ba ce, robar nan tana tsufa. Abin da zai raba gardama shi ne rahoton gwani a rubuce: an tsinke robar ne, ko an murɗe ta, ko ba a mayar da ita ba sam, ko murfin bai zauna daidai ba? Wane irin batir aka sa? Ba tare da wannan takarda ba, maganarka ce da tasa, ga shi kuma ban ji ka ambaci rasit ba. In ta banki ka tura kuɗin, adana shaidar turawar. In da wanda ya raka ka, shi ma shaida ne.

Diyyar da kotu ke bayarwa ita ce kuɗin gyara. In agogon ya ƙi gyaruwa, darajarsa a matsayin wanda aka yi shekara 3 ana ɗaurawa, ba kuɗin sabo ba.

Kada ka sa rai da garanti sosai. Omega na ba da garantin shekara 5 ga agogunan da aka saya tun daga Yulin 2018, wato naka bai fita ba, amma sharuɗɗansu sun cire ƙarewar batir, sun kuma cire ɓarnar da ta biyo bayan taɓawar wanda kamfanin bai amince da shi ba. Wannan asara ce da naira 3,000 ta jawo maka, kuma ba kowa ke karanta ɗan littafin da ke cikin akwatin agogo ba.

Da rahoton ya zo hannu, ka rubuta masa takardar neman biya, ka haɗa da kiyasin gyara, ka ba shi kwana 7 ko 14. In ya ƙi, ni shawarata ka fara da shugabannin layinsu ko na kasuwar. Ba don shari'arka ba ta da ƙarfi ba, sai don gaskiyar da lauyoyi ba su cika faɗa ba: hukunci a kan mutumin da jarinsa tebur ne da akwatin gilashi ba ya zama kuɗi cikin sauƙi. Sulhun da aka rubuta, aka sa hannu gaban shaidu, ko da biyan kashi-kashi ne, sau da yawa ya fi takardar hukunci amfani. Idan sulhu ya ci tura, kana iya kai ƙorafi hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, ko ka shigar da ƙara a kotun gunduma, ko kotun shari'ar Musulunci in ku biyun Musulmi ne. Yawan kuɗin da kake nema shi zai nuna ko sai an je babbar kotu.

'Yan sanda fa? Bar su. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda aka tsare a kan irin wannan yana iya juyowa ya yi ƙararka. Lamarin zai canja ne kawai in gwani ya tarar an cire injin asali an sa wani, ko an musanya maka agogon. Wannan cin amana ne ko zamba, laifi ne a kundin hukunta laifuka na Jihar Kaduna na 2017.

Sai batun wanda zai yi aikin. Hanya mafi aminci ita ce ka shiga shafin kamfanin Omega a intanet ka duba jerin wuraren gyaran da ya amince da su, ka kira ka tabbatar kafin ka kama hanya, ko da abin zai kai ka Abuja ko Legas. Ba ina cewa babu gwanaye a Kaduna ba. Akwai dattawan da suka yi shekaru suna wannan aiki da hannu mai tsafta, amma gwani ba ya jin haushin tambaya. Ka tambaye shi da me zai buɗe murfin: maɓuɗin da ya dace da shi, ko bakin wuƙa? Zai canja zoben robar? Yana da na'urar gwada ko ruwa zai shiga bayan an rufe? In ba shi da ita, to agogon ya daina shiga alwala har sai an gwada. Batirin ya zama mai sinadarin azurfa, mai ƙarfin wuta volt 1.55, irin na Renata ko Maxell, da lamba daidai da wanda aka cire. Masu arha na kan tire sun fi saurin zubar da ruwa a cikin inji. A yi aikin a gabanka, a ba ka tsohon batirin. 

In dole sai ka bar shi, ko za ka aika ta hannun direba ko kamfanin aika saƙo, to a rubuta: sunan agogon, lambar da aka zana a jikinsa, yanayinsa, darajarsa, aikin da za a yi da ranar karɓa, da sharaɗin cewa ba za a canja komai ba sai da izininka. Ku biyu ku sa hannu, ka ɗauki hoton agogon gaba da baya a kan teburinsa. Kamfanonin aika saƙo sukan iyakance abin da za su biya in kaya ya ɓata, saboda haka ka bayyana darajarsa a takardarsu, ka biya inshora in suna da ita.